Kafso Ja da Baƙi a Ƙasar Dabino

Wayon farko da aka yi mini a wannan tafiya a Agadas ne, kuma da takarda aka yi shi. Wani mutum mai farar shadda da gilashi ya tare mu a bakin tasha, mu bakwai da muka sauko daga mota ɗaya, ya ce duk mai son shiga Aljeriya ba tare da an taɓa shi ba sai da takardar aiki, kuma shi ne mai bayarwa. Da Faransanci aka rubuta ta, ga hatimi har biyu. Muka saya, kowa ya rubuta sunansa a inda mutumin ya ɗora yatsa. Na naɗe tawa a leda na cusa a aljihun ciki, ina shafa ta lokaci-lokaci don in ji tana nan. Sai da muka isa Tamanrasat wani ɗan Damagaram da ya yi boko ya karanta mini ita. Takardar rigakafin awaki ce. A layin da aka tambayi irin dabbar, nan na rubuta Ishaya da hannuna, har da ƙawata harafin farko.

Ni ɗan Kwaja ne, a kudancin Mubi. Gyaɗa da dawa muke nomawa a gindin duwatsu, kuma na yi makaranta daidai gwargwado, na iya karatu, ba wai ban iya ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka jahilci ne ya jawo mini abin da zan ba da labari. Sabo ne. A wajenmu magani ba shi da suna, launi gare shi. Ka shiga kemis a Mubi ka ce a ba ka ja da yalo, za a ba ka, na gudawa ne, kuma shi muke fasa wa kaji a ruwa. Akwai fari mai tsaga, akwai ɗan kore. Sannan akwai ja da baƙi, wanda shi ne abokin gabata tun ina shekara biyar.

Maruru ne ya fito mini a cinya a lokacin, babana ya sayo kafson ranar kasuwa, aka ba ni guda ɗaya. An ce kafin a gama share tsakar gida fuskata ta zama kabewa, idanuna sun shige, numfashina yana fito. A keke aka kai ni asibiti a Mubi. Ni ban tuna komai ba sai ƙamshin hayaƙi a zanen uwata. Dada muke ce mata. Daga ranar ta ɗauki abin ta riƙe da hannu biyu. Sauran 'ya'yanta in za su fita sai ta ce Allah ya kiyaye hanya, ni kuwa ko Yelwa zan je wajen ƙanwata sai ta ce, "Ja da baƙi, kar ka sha shi." Da Gude muke magana a gida, amma zancen magani da Hausa take yi, kamar a ganinta ƙwaya ba ta jin Gude. Ta sa na rantse mata a kai ba sau ɗaya ba.

Tsakanin Agadas da Tamanrasat ba ni da abin faɗa sosai, don rabin hanyar ban san ko a farke nake ba. A bayan buɗaɗɗiyar mota muke, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin ƙafafu don kada ya faɗi. Da rana ta take sai ƙasa ta fara rawa, ruwa ya kwanta a gabanmu shimfiɗe. Ni ba ruwa kawai na gani ba. Mayon garinmu na gani, wato koginmu, a watan Agusta, cike, launin kunun kanwa, mata sun shanya zannuwa a kan duwatsu, wata tana kiran ɗiyarta daga wancan ƙetare. Na san ƙarya ne, amma na bar idona a kai don ya fi abin da ke gefena daɗin kallo. Wani Bakano da ke kusa da ni ya zungure ni ya ce, "Malam, da wa kake magana? Tun ɗazu kake wani yare." Ashe gaisuwa nake amsawa.

A Tamanrasat na yi mako uku ina ɗaukar bulo. Abin da na fi tunawa a garin wata tsohuwa ce mai gasa burodi a bakin lungun da muke kwana. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci. Kullum da safe in na wuce sai ta zaro wanda gefensa ya ɗan ƙone ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, kamar mai ba akuya ɓawon rogo. Da farko abin ya ɓata mini rai, don ina da girman kai, ba na ɓoyewa. Ranar da zan bar garin na je na tsaya a gabanta da jakata. Ta dube ni a karon farko, ta zaɓi mai kyau ta ba ni. Na ci shi a mota ina kuka, wanda ke gefena ya ɗauka ciwon haƙori nake.

Daga nan sai arewa, kwana biyu a mota, har wani ƙauyen dabino a gabashin Gardaya. A nan na haɗu da Baba Agali. Buzu ne, dattijo, dogo, shi ke kula da ma'aikatan wata babbar gonar dabino. Ya yi ƙuruciyarsa a Agadas, don haka yana jin Hausa irin ta can. Baƙin rawaninsa ya rufe komai sai idanu, ko shayi zai sha ta ƙarƙashinsa yake kai kofin. Mu goma muka jeru muna neman aiki, bai tambayi kowa takarda ba. Cewa ya yi mu tuɓe takalma. Ya bi yana duban ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan nawa ya tsaya.

"Wagga ƙahwa ta hau dutse," ya ce. "Daga ina?"

"Daga Mubi, Baba."

"To ɗan Mubi, gobe za ka aurar da dabino."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske dabino yana da mace da namiji, kuma ba sa haɗuwa sai an haɗa su. A yanko furen namiji, ka sa a jaka, ka hau macen har ƙoli, ka buɗe sabon furenta, ka cusa silin namijin biyu ko uku a tsakiya, ka ɗaure da ganye. Shi ke nan an ɗaura. A yini ɗaya sai in aurar da talatin, ni da ko budurwa ban ajiye a gida ba. Na so aikin nan fiye da yadda na zata. Furen yana da ƙamshi kamar ƙullin da ya kwana, garinsa yana manne wa gashin hannu. In ka kai sama iska ce kawai da kukan kurciya, ganye kore har iyakar gani, bayansa tsaunuka tsirara ba ko ciyawa. Sai in riƙa yi musu sutura da idona. In jera musu gandun duwatsu irin namu, in shuka dawa, in kafa bukkar Dada a can gefe da hayaƙi yana tashi. Wani lokaci sai Baba Agali ya yi kira daga ƙasa sannan in tuna a kan bishiya nake.

A irin wannan tunanin ƙaya ta same ni. Ƙayar dabino a gindin reshe take, tsawon yatsa, tsininta kamar basilla. Ta shige ni a gaɓar manunin hannun dama. Na zare, na tsotse jinin, na ci gaba da aiki, ban san kanta ya karye a ciki ba. Kwana uku ina jiƙa shi a ruwan gishiri. A na huɗu yatsan ya yi suntum, yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa daban. Baba Agali ya kama hannun ya juya shi, ya tayar da babur muka nufi kemis.

Kemis ɗin garin ba irin namu ba ne, komai a kwali, komai a bayan gilashi. Mai shagon yana da jama'a a gabansa, sauri yake. Ya dubi yatsan, ya yi wata tambaya da Larabci.

"Shina tambaya," in ji Baba Agali, "akwai maganin da jikinka bai so?"

Na ji daɗin tambayar. Shekara ashirin da biyar ina riƙe da amsarta.

"Akwai, Baba. Ja da baƙi."

"Mi?"

"Ja da baƙi. Kafso ne."

Ya juya ya fassara yadda na faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Mai shagon ya ɗaga gira.

"Ya ce sunan maganin yake so."

"Ai sunansa ke nan."

Mutumin ya yi dariya, na kusa da shi ma suka yi. Ya ɗauko wani kwali ya buɗe, ya nuna mini manyan ƙwayoyi.

"Ya ce duba da kyau, wanga fari ne tas."

Na duba, fari ne kuwa. Har godiya na yi masa da 'yar Larabcin da na tsinta. A gindin katangar shagon na haɗiye ɗaya da ruwan gorar Baba Agali, hantsi bai gama ɗagawa ba.

Ba mu yi nisa a hanyar komawa ba tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, sai tafin ƙafa, sai kunnuwa suka ɗau zafi. Na so in ce Baba tsaya, sai na ji leɓena ya yi nauyi, harshena ya cika bakin. Maƙogwarona ya riƙa matsewa kamar na haɗiye gwaba ba tauna. Abin mamaki ban ji tsoro ba a lokacin. Ƙarar babur ta koma nesa, itatuwan dabino suka fara tafiya tare da mu a hankali, na ga kamar a keken babana nake, ga bayansa, ga gangaren da ke sauka Mubi. Na ji ƙamshin hayaƙin nan. Na ce a raina ashe har yanzu ba mu isa ba.

Kaina ne ya faɗa a kafaɗar Baba Agali, shi ya sa ya tsaya. Ya juyo ya ga fuskata. Abin da ya yi daga nan ba zan manta ba. Buzu irinsa ko a gaban 'ya'yansa ba ya buɗe fuska, amma a tsakiyar hanya, da rana, ya warware rawaninsa gaba ɗaya, ya zagaya shi ta bayana ya ɗaure ni a jikinsa kamar goyo. Ta ɗan abin da ya rage na idona na ga bakinsa a karon farko. Ƙaramin baki ne, da giɓi, yana ta motsi da addu'a.

A wani ƙaramin asibiti na dawo hayyacina. An ce ko wandona ba a tsaya cirewa ba, ta kansa aka soka mini allura a cinya. Zuciyata tana gudu, jikina yana rawa, amma iska tana shiga. Na kwanta ina shaƙar ta kamar yau aka ƙirƙiro ta. Likitar mace ce, gajeriya, mai gilashi da igiya a wuya, irin matan da in sun dube ka sai ka gyara zama. Ta riƙe ni har la'asar tana dubawa, don ta ce abin yakan lafa ya sake tasowa. Ta tsaga yatsan ta ciro kan ƙayar, baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sannan ta ja kujera ta zauna, Baba Agali a tsakaninmu ya mayar da rawaninsa.

Da ta ji zancen ja da baƙi ba ta yi dariya ba. Ta ce ko akwai wanda zai nemo mata maganin nan a garinmu ta ga bayan takardarsa. Na kira ƙanwata Rahila da ke koyarwa a Yelwa.

"Yaya, muryanka ya canja. Lafiya?"

"Lafiya. Shiga kemis ki ce a ba ki ja da baƙi, ki ɗauki hoton bayan sashet ɗin ki turo mini. Kuma kar ki gaya wa Dada komai."

Ta san abin da ja da baƙi yake nufi a gidanmu.

"Ka sha shi ne?"

"Ban sha ba. Je ki dai."

Kafin a kawo mini ruwa hoton ya iso. Likitar ta buɗe shi da yatsu biyu, ta ɗora wayar kusa da kwalin farar ƙwayar, ta nuna mini sunayen biyu da bakin biro. Na gida ampisilin, na nan amoksisilin. Ta ja layi a ƙarƙashin wutsiyarsu.

"Ta ce uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji Baba Agali. "Gidansu sunansa penisilin. Wanda jikinsa ya ƙi ɗaya ya ƙi dangin duka, ko fari ne, ko na ruwa ne, ko allura. Ga mutane da yawa magani ne mai kyau, kai dai jininka ne bai shiri da su. Ta ce ka faɗi sunan."

Na faɗa. Ta sa na maimaita har sau biyar, kamar ɗan aji ɗaya. Kunya ta kama ni, don sunan nan yana rubuce a bayan kowane sashet a kowane kemis a Mubi, ban taɓa juyawa na duba ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce in zazzage duk abin da nake sha. Na fito da farasitamol, da 'yan ƙwayoyin tsayar da gudawa da na saya a Agadas, da ƙullin garin saiwa da Dada ta ba ni na ciwon ciki. Ta ture farasitamol gefena, ta ce wannan babu laifi. Ta ɗauke na gudawar ta ce sabon maganin da za ta ba ni yakan saki ciki, in kaɗan ne in sha ruwa da yawa, in ya yi tsanani ko na ga jini in dawo wajenta da gudu, kada in kuskura in toshe shi da waɗannan, don toshewar ta fi gudawar haɗari. Garin saiwar ta sansana, ta ce ba ta san shi ba, kuma abin da ba ta sani ba ba za ta ce ya zauna ciki ɗaya da maganinta ba, in ajiye sai na gama. Ta ce in haɗiye da kofi cike da ruwa, a zaune ko a tsaye, kada in sha in kwanta nan take don yana ƙona maƙoshi. Ƙarshe ta ɗauki biro ta zagaye iyakar jan da ke bayan hannuna. Ta ce in ya tsallake layin nan, yatsan ne a bakin wuƙa, wataƙila ma hannun.

Sai da muka koma gona na buɗe kwalin sabon maganin. Kilindamasin sunansa, na karanta wannan karon, ba silin a wutsiyarsa. Amma da na zaro sashet ɗin sai na ga kafso ne, kansa ja, jikinsa shuɗi mai duhu, irin shuɗin da a wajenmu in an rina zane da shi baƙi muke ce masa.

Na san abin da likita ta ce. Na ji, na gane, na maimaita sau biyar. Amma ganewar a kai ta tsaya, ba ta sauka maƙogwaro ba. Na ce a raina, fari da ba ruwansa ya kusa kashe ni da safe, yanzu kuma a miƙo mini shi kansa? Wa ya sani ko an yi kuskure a wajen zubawa a kwali? Na ɗora shi a harshe sau biyu, muryar Dada tana tashi a kunnena sarai, in tofar. Sai na tona rami da yatsan ƙafa a gindin dabinon da nake kwana a inuwarsa, na binne.

"Ka sha, ɗan Mubi?"

"Na sha, Baba."

Kwana uku muna haka, duk lokacin shan magani rami ɗaya. Zazzaɓi ya zo ya zauna. Yini nake a kwance kusa da magudanar ruwa ina kallon rana tana tsiyayowa ta tsakanin ganye. Wani lokaci in ga Dada tana sheƙe gyaɗa a ƙarshen layin dabinon, ta juya mini baya, in kira ta ba ta waiwayo. Wani lokaci in ji ƙararrawar cocinmu, alhali ƙarfen famfo ne ake bugawa. Ba na jin zafi sosai a cikin waɗannan, shi ya sa na fi son su da farkawa. In na farka kuwa sai in ja hannun riga in rufe, don jan ya taka layin biro a rana ta biyu, a ta uku ya wuce wuyan hannu yana miƙa wani siririn zare zuwa gwiwar hannu. Ina ganinsa yana hawa, ina tsoronsa, amma tsoron kafson ya fi.

Ranar ban ruwa ce ta tona ni. Aka sako ruwa a layinmu, ya kwashe yashin gindin bishiyar. Baba Agali ya zo ya tsuguna a gabana ya buɗe tafinsa, ga kafson da na binne nan sun jiƙe sun manne da juna.

"Ɗan Mubi, dabinon ga ciwon mi yake yi?"

Ya ja hannun rigata sama, ya daɗe yana kallo.

"Na rantse wa uwata, Baba," na ce.

"Uwarka hannu nawa ta haihe ka da shi?"

"Biyu."

"To tashi mu tahi."

Likitar ta yi faɗa. Baba Agali bai fassara ba, kuma ban buƙata ba. Ta cire gilashin ta mayar, ta buga kwalin a tebur. Da ta gaji sai ta tambayi dalili, ya gaya mata. Ta dube ni, na ga fushin yana sauka. Ta ɗauko ƙaramin faranti na ƙarfe, ta ɓare kafso ɗaya, ta murɗe shi ya rabu biyu, ta zazzage. Farin gari ne ya zubo. Ta ɗora ɓawon biyu a tafina, ja da baƙin, ba nauyi ko kaɗan, iska ma za ta iya ɗauke su.

"Ta ce wagga riga ce," in ji Baba Agali. "Kowane kamfani da irin rigar da yake ɗinka wa nasa. Uwarka ba ta yi ƙarya ba, rigar ta gani, kuma da rigar ta tsare ka har ka girma. Amma nan wani ne a cikin rigar."

Ta sake tsaga yatsan ta matse mugunyar, wannan kam na yi ihu. Ta ce ta ba ni kwana ɗaya, in zaren nan bai tsaya ba za ta tura ni babban asibiti, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Sannan ta zaunar da ni a benci a baranda, ta kawo tire ta ajiye a gefena, da allurar nan ta cinya a kai, a shirye. Ta miƙo mini sabon kafso da kofi cike da ruwa. Ta zauna a dama, Baba Agali a hagu, ta cire agogonta ta ɗora a gwiwa.

Na daɗe ina kallon kafson. Na ce da Gude, a hankali, Dada ki yafe mini. Na haɗiye.

Ban taɓa sauraron jikina irin na wannan sa'a ba. Ina jiran ƙaiƙayin tafin hannu, ina taɓa leɓe da harshe. Akwai bishiyar lemo a tsakar asibitin, wata mata tana shanya fararen zannuwan gado a igiya, iska tana kumbura su tana sakewa. Na bi su da ido har suka zama zannuwan bakin mayo, na ji sanyin dutse a ƙarƙashin ƙafata, wani yana kaɗa shanu ya wuce ta gabanmu ba sauti. Can likitar ta mayar da agogonta, ta taɓa wuyana, ta duba bakina, ta ɗauki tirenta ta shiga ciki. Babu abin da ya faru. Na zauna ina jin haushin kaina da daɗi a haɗe, ban san wanda zan fara ji ba.

Washegari zaren ya tsaya, bayan kwana uku ya fara ja da baya. Cikina ya ɗan saki kamar yadda ta faɗa, na sha ruwa, na shanye maganin har na ƙarshe. Hannun ya tsira. Amma kwana ukun da na yi ina binne maganin sun ci jijiyar yatsan, ya warke a miƙe, ba ya lanƙwasa. Ban sake hawa dabino ba. Baba Agali ya mayar da ni kan ban ruwa, na zauna har aka sauke 'ya'yan auren da na ɗaura, sannan na kamo hanyar gida.

Na tarar da Dada a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan an gama koke-koke da gaisuwa, jama'a sun watse, ta kama hannuna na dama ta ɗora a cinyarta. Rahila ta gaya mata ƙaya ce ta soke ni, iyakar abin da ta sani ke nan. Ta gwada lanƙwasa yatsan a hankali, ya ƙi. Ta sake gwadawa. Sai ta koma Hausa.

"Ba su da magani ne a can?"

"Suna da shi, Dada."

"Sun ba ka?"

"Sun ba ni."

"To me ya hana shi aiki?"

"Ban sha da wuri ba."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika. Tsufa ya kama ta a shekarar nan, hannunta ya zama ƙashi. Maganar tana bakina, da sunan da na haddace, da labarin rigar, duka. Na ga in na faɗa, ita za ta ɗauki laifin yatsan nan ta riƙe har kabarinta, kuma ba ta yi komai ba sai tsare ni da abin da ta sani.

"Kai da taurin kai," ta ce, tana shafa yatsan da babban yatsanta. "Tun kana ƙarami haka kake. Ba ka jin magana."

Na ce, "Haka ne, Dada."